Gidan kakanmu na ƙasa: in gyara in koma, ko in rushe in sa bulo?

Malamin Kawo ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina leƙowa nan ina karanta na wasu ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tawa ce ta kawo ni.

Ni malamin makaranta ne, baɗi in Allah ya kai mu zan ajiye alli. Shekara 22 ke nan ina haya a Kawo, ciki biyu da falo, kuma duk shekara sai mai gida ya aiko yaronsa da sabon lissafi. Ban da fili a Kaduna, kuma da kuɗin sallamar malami ba na jin zan samu yanzu. Abin da nake da shi gidan kakanmu ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Soba, in ka bar Zariya ka kama hanyar Pambeguwa, ka wuce Maigana kaɗan sai ka sauka daga kwalta. Gidan ƙasa ne tun daga zaure har makewayi. Mahaifina ya ce a cikinsa aka haife shi, kuma yana ɗan yaro ana ta zancen yaƙin Hitila, to ku ƙiyasta shekarunsa. Shi ya rasu a 2016. Goggona ce ta ci gaba da zama har ita ma ta cika a 2021, daga nan aka sa kwaɗo.

Makon jiya na je da niyyar in leƙa kawai in dawo. Kwaɗon ya yi tsatsa sai da muka fasa. Da na tura ƙyauren zaure jemagu suka yo kaina, warin kashinsu kamar ya kayar da ni. Amma da idona ya saba da duhun na ɗaga kai, wallahi ɗaurin gugan nan, wato bakunan ƙasa da azara da suka haɗu a sama suka riƙe rufin, yana nan daram, ko tsaga babu. Farantin tangaran mai shuɗin baki da aka manna a tsakiyarsa, wanda muna yara muke jifa da ƙwallon goruba kakanmu Malam yana kora mu da carbi, yana nan inda yake. Na fi minti goma a tsaye. Ban san na yi hawaye ba sai da yaron da ya rako ni ya kau da kai.

Cikin gida kuwa sai a hankali. Rufin shigifa ya rufta gaba ɗaya, har wata 'yar bishiyar cediya ta tsiro a kan tarin ƙasar. Turakar Malam tana tsaye amma kusurwar gabas ta jiƙe har ƙasa. Zankwaye biyu sun faɗi. Indararo ɗaya kawai ya rage, shi ma ya toshe. Ɗakin Goggo da na kusa da shi lafiya lau, don su an sa masu kwano tuntuni. Rijiya tana da ruwa. Bangon gaba kuma, wanda wani ɗan'uwanmu ya shafe da siminti shekarun baya don a ce gida ya waye, yanzu in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ganga, wani wajen ya ɓamɓaro faifai guda, gara ta yi hanya a bayansa.

A gida an rabu uku. Ƙanena ya ce a sayar a raba. Yarana sun ce in kawo katafila a baje, in yi ɗaki uku na bulo. Uwargida ba ta ce komai ba sai "to, banɗakin fa?", kuma wanda ya san ta ya san ta gama magana. Ni kuwa zuciyata tana kan zauren nan.

Wanda ya san ginin ƙasa ya gaya mini tsakani da Allah: gidan da ya sha damina huɗu ba kowa yana gyaruwa? Daga ina ake farawa? In sake shafe shi da siminti mai kyau ne ko yaya? Wanda kuma ya taɓa komawa ƙauye bayan ya saba da gari, ina son in ji ta bakinsa, ba ta bakin masu zuwa sallah su kwana biyu su gudo ba.

Jikan Magina ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan magabata. Ni a cikin birnin Zariya na tashi, gidanmu magina ne, na yi cuɗar ƙasa tun ƙafata ba ta kai ta nutse ba, ko da yake yanzu bulo nake ci da shi kamar kowa. Bari in faɗa maka abin da na sani.

Tunda ɗaurin guga bai tsage ba, gidanka yana da rai. Ginin ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa, ta ka da ta ƙafa. Ta ka shi ne rufi ya riƙe ruwa, ta ƙafa shi ne ruwa ya kwanta a gindin bango ya yi ta zaizaye shi har ya rasa abin tsayawa. Tsakiyar bango ba kasafai take kashe gida ba. Shigifar da ta rufta na tabbata indararonta ne ya fara toshewa, ganye da kashin tsuntsu suka cushe shi, ruwa ya kwana a sama, ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi, bakin azara da ke cikin bango ya ruɓe. Aikin da yaro zai yi da tsinke cikin minti biyar, rashinsa ya ci ɗaki guda.

Saboda haka kada ka fara da kwalliya. Ka hau saman turaka da zaure, amma ka bi gefe-gefe ta kan bango, kada ka taka tsakiya. Ka buɗe indararo, ka sa sababbi masu tsawo waɗanda za su watsa ruwa nesa da bango. Ka cire duk ciyawar da ta tsiro. Cediyar nan ka tumɓuke ta da saiwarta yanzu, in ta shekara biyu nan gaba ita za ta raba maka bango gida biyu. Sannan ka shiga ciki da wuƙa ko ƙusa ka soki bakin kowace azara inda ta shiga bango. Wadda ta ƙi shiga ka bar ta, ko ta shekara ɗari. Wadda wuƙa ta nutse a cikinta kamar rogo dafaffe, a canza. Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma ta namijin giginya ake so, baƙa mai nauyi, gara ba ta cika damunta ba. Ka yi hankali da masu sayarwa, suna cusa fara-fara ta cikin itacen mai taushi a tsakiyar dami. Kuma azara ita kaɗai ba ta ɗaukar rufi fiye da kamar ƙafa shida, shi ya sa ka ga tsofaffin ɗakuna ƙanana ne, babba kuma sai da ɗaurin guga ko ginshiƙi. Kada wani ya ce zai faɗaɗa maka ɗaki ya cire bangon tsakiya.

Batun siminti kuwa, Malam, don Allah ka rufa wa gidan nan asiri. Ka riga ka ga amsarka a bangon gaba. Ƙasa tana shan danshi da damina ta fitar da shi da rani, tana ɗan kumbura tana ɗan tsukewa. Siminti ba ya motsi tare da ita, ba ya kuma kama ta. Da ya yi 'yar tsaga ruwa zai shiga, ba kuma zai sami hanyar fita ba, sai bango ya yi ta ruɓewa a ɓoye kai kana ganin waje sumul. Gara kuma ba abin da take so irin duhu da laima. A ɓamɓare shi duka, a bar bangon ya sha iska ya bushe, a cike ramukan da tubali da ƙasa irin tasa, ba da guntun bulo ba.

Abin da iyayenmu ke shafawa makuba ce, daga ɓawon ɗorawa. A jiƙa ta, ruwan ya yi ja-ja kamar shayi mai kauri, a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi. Tana sa ruwa ya zame. A ƙauyenku ba za a rasa ɗorawa ba, matan da ke yin daddawa su za ka tambaya. Wanda ya fi ta ƙarfi shi ne laso, ana haɗa katsi na ramin marina da gashin jima (gashin da ake cirewa daga fata a majema) da ruwan dafara (wani tsiro mai yaɗo), shi ake yi wa rufi da rawani (bakin bango na sama da ya kewaye rufi) da zankwaye. Laso yana shekaru, makuba kuwa sai ana sabuntawa. Matsalar ita ce marina ta yi ƙaranci, katsi sai an nema, wataƙila sai ka aika Kano.

Ka tuna ruwan ƙasar Zazzau ba irin na Katsina ko Daura ba ne. Muna samun kusan milimita 1,000 a shekara, Kaduna ma ta fi haka, kuma yawancinsa a Yuli da Agusta da Satumba yake sauka. Gidan ƙasa a nan yana son a duba shi duk shekara kafin ruwan fari. Lokacin aiki kuma daga an gama kaka ne zuwa Maris. A kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa ana sake cuɗawa, tubali ya samu kamar mako biyu a rana. Wanda ya ce zai gama maka cikin sati ɗaya, sallame shi.

Siminti yana da wajensa: dakali a gindin bango daga waje mai gangara, da magudanar ruwa, da banɗaki. Banɗakin ma a yi shi da bulo, a ware, kada ya jingina da tsohon bango.

Ɗan Rigasa ya amsa:

Baba, ka yi haƙuri ni zan zama mai ɓata miya. Duk abin da Jikan Magina ya faɗa gaskiya ne, amma ka tsallake abu biyu da suka fi gara haɗari.

Na farko, gidan na waye? Ka ce na kakanku. An raba gadon kakan? An raba na mahaifinku? Goggo tana da 'ya'ya? Yau kango ne ba mai so, ranar da ka zuba kuɗin sallamarka ya yi kyau, ranar za ka san yawan jikokin Malam. A danginmu an yi haka, kawuna ya gyara gida tsaf, bayan shekara biyu aka kai shi kotu, har ya rasu ba ya gaisawa da 'yan'uwansa. Kafin ka sayi azara ko ɗaya, ka tara magada, a kira malamin da ya san rabon gado, a yi wa gidan kuɗi yadda yake a yanzu kango, ka biya kowa rabonsa ko ya yafe a rubuce, dagaci da shaidu su sa hannu. Ƙanenka da ke son a sayar, ai ga mai saye, kai ne. Daga nan ka nemi takardar mallaka, a jihar nan KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye, ita ce ke wannan aikin.

Na biyu, tsaro. Ba sai na gaya maka abin da mutanen Birnin Gwari da Giwa da Igabi da Chikun suka gani a shekarun nan ba. Ban ce ƙauyenku haka yake ba, kowane yanki da nasa. Amma ɗan fansho daga Kaduna da sabon fenti da sola a saman ɗaki, a idon wasu attajiri ne. Kada ka tambayi dagaci, zai ce lafiya lau don yana son gari ya cika. Ka tambayi 'yan acaɓa ƙarfe nawa suke daina bin hanyar, ka kuma duba ko masu hali na garin suna kwana a gidajensu ko Zariya suke komawa da yamma.

Ni da ni ne, ɗaki biyun nan masu kwano zan gyara, in riƙa zuwa ina dawowa, ban saki hayar Kawo ba tukuna.

Maman Biyu ta amsa:

Malam, sannu da ƙoƙari. Ni na zo ne in tsaya wa Hajiya, don na ga duk kun bi ta kan tambayarta kun wuce, alhali ita ce tambayar.

Mu mun yi wannan komawar. Shekara shida ke nan da muka bar Tudun Wada muka koma gidan su maigidana a wajen Makarfi, shi ma na ƙasa ne, ya shekara uku a rufe. Watan farko kullum sai na yi kuka. Ba don gidan ba, don abubuwan da namiji ba ya gani. Shi yana zaure ana ta zuwa gaishe shi, ni ina ciki ina fama da masai mai tsohon rufin itace da nake tsoron ya burma da ni, ga jan ruwa da guga, ga hayaƙin murhu bayan na shekara goma sha ina girki da gas. Daren farko na kashe kunama uku a ɗaki ɗaya. Ta ukun a cikin takalmin yaro take.

Abin da ya zaunar da ni abu uku ne, kuma ba su kai kuɗin da aka kashe wa zaure ba. An cike tsohon masai an yi banɗaki na zamani nesa da rijiya, a gangaren gida ba a samanta ba. An yi wa rijiya murfi aka sa ɗan famfo mai aiki da sola yana tura ruwa tanki. An yi mini kicin mai taga biyu. In ka yi wa Hajiya waɗannan kafin ka taɓa zanko ko ɗaya, ka ga yadda magana za ta canza. Kuma ka kai ta ta gani da idonta tun yanzu, ita za ta nuna inda take son kowane abu, ba a gama a kawo ta kamar baƙuwa ba.

Amma fa in faɗi gaskiya, akwai abin da ba zan iya komawa gari saboda shi ba. Watan Afrilu, lokacin da a Tudun Wada muke kwana a tsakar gida muna fifita da kwali saboda kwano ya gasa ɗaki, a nan in na shiga soro da azahar sai in ji kamar an buɗe randa. Da hunturu kuma ɗumi. Bangon ya kai kamu guda a kauri, kafin zafin rana ya ratsa shi dare ya yi. Uwar mijina takan ce ɗakin kwano na baƙo ne, soro na mai gida.

Ƙasan ɗakina ma daɓe ne, ban yarda an sa tayil ba. Matan unguwa suka taru, aka zuba tsakuwa, ana yayyafa ruwan makuba ana bugu da madaɓi ana waƙa tun hantsi har la'asar, na dafa masu dambu da kunun tsamiya. Ya fito jawur yana sheƙi. A ranar ne na daina zama "matar Kaduna" a bakinsu.

Jemagu kuma kada ku share kashinsu a bushe, ƙurar tana sa ciwon ƙirji. A yayyafa ruwa tukuna, a ɗaure hanci. A bar su su fita da magariba sannan a toshe kafofin da raga. Sai maganar asibiti: a shekarunku ku san nisan ku da asibitin koyarwa na Shika ko wani babban asibiti a Zariya, da wanda zai ɗauke ku in dare ya yi. Mu wannan ne har yau bai daina damuna ba.

Ɗalibin Samaru ya amsa:

Baba, ni ɗalibin zanen gine-gine ne, ƙarin bayani kawai. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara aka yi shi, kuma bakan gizonsa, wato bakunan ƙasa da suka riƙe rufin, ya daɗe a tsaye kafin wani sashe na masallacin ya rufta a 2023. Abin da aka yi masa a shekarun 1970 shi ne an gina sabon masallaci an lulluɓe tsohon a ciki, ruwa ya daina taɓa shi. To kai ma kana iya yin ƙaramin irin wannan: ka ɗora rufin kwano a saman soron turaka, a bar tazara iska na wucewa tsakani, bakin kwanon ya zarce bango sosai. Sanyin soro na nan, yoyo ya ƙare. Illarsa, daga waje kyan ya tafi, zankwaye sun ɓace. Ni dai zaure ban so a yi masa haka. Kuma don Allah ka ɗauki hoton komai kafin a taɓa.

Jikan Magina ya sake amsawa:

Ɗalibi ya yi gaskiya, ana yi. Sai dai a kafa ginshiƙan kwanon da kyau, don na ga inda iskar farkon damina ta ɗauke kwanon ta tafi da rabin rawani. Wani abu kuma, in an rufe soro da kwano mutane sukan manta da shi, ɓera da gara su yi gari a tsakani. A bar ƙofar da yaro zai iya shiga ya duba.

Malam, ka nemi tsohon magini a ƙauyenku ko maƙwabta, kada ka ɗauko ɗan kwangila daga Kaduna. Za ka same shi yana noma, ya daina gini don ba mai kira. Ka haɗa shi da samari biyu.

Malamin Kawo ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na karanta wa uwargida amsar Maman Biyu, ta ce a gaishe ki, ta kuma ce ashe akwai masu hankali a wayar nan. Asabar za mu je tare.

Ɗan Rigasa, maganarka ta hana ni barci, don gaskiya ba a taɓa raba gadon ba. Na ƙirga magada a takarda na samu goma sha ɗaya, biyu ma a Legas suke. Na kira babbar 'yar Goggo, ta ce ita ba ta son ko sisi, amma a bar mata ɗakin uwarta ta riƙa sauka in ta zo. Ƙanena bai ɗauki waya ba tukuna. Hayar Kawo kuma zan sabunta ta shekara ɗaya, ban saki reshe ba.

Na sami maginin. Ashe tsohon da ke sayar da rake a bakin masallaci ne, ya ce yana saurayi shi ya miƙa wa ubansa tubali lokacin da aka sake rawanin zauren nan. Na gaya masa batun wuƙa da azara, ya yi dariya ya ce shi da ƙwanƙwasawa yake ganewa. Ya ce kafin komai in sayo indararo huɗu, shi zai hau ya share saman ranar Laraba, kuma kada in bari kowa ya taɓa farantin.

Jikan Magina, saura tambaya ɗaya. Tsohon ya ce katsi ba zai samu ba a kusa, wai ko a ɗan zuba siminti kaɗan a cikin ƙasar yaɓen rufi maimakon laso. Wannan ma haramun ne a wajenku, ko shi da sauƙi?